GIDAN DA YA TSUFA: A SAYAR KO A SA HAYA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal na garinmu ya yi a taron shekara na ƙungiya. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, domin ƴan uwa da ba su samu zuwa ba.)



Maigari, liman, iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayenmu mata, ƴan uwa da kunka zo daga Yamai, Damagaram, Arlit, Kwatanu, Abijan da Legas, ina gaishe ku duka, ina yi ma matafiya barka da zuwa. Ku gafarce ni in tsaya gaban waɗanda sunka haife ni in yi maganar gida. Biro ne ya ɗora mani, wai don aikina lissafi a allo, maganar yau kuwa rabinta lissafi ce.

Ga tambayar da anka ba ni. Mutum shina da gida guda, shi ke nan gare shi, ciki shike kwana da iyalinshi. Gidan ya tsufa: soro na yoyo, katanga ta tsage, gara ta ci azara, salga ta cika. Sai tafiya ta kama shi. Ko an canza mashi wurin aiki, ko za ya tafi bida ƙasar waje shekara uku ko huɗu, ko ya gaji da birni za ya komo gona. Mi za ya yi da gidan? Shi sayar yadda shike, ko shi gyara shi sa haya? Mafi yawan masu wagga tambaya cikinmu a Maraɗi gidajensu suke, don haka da gidan Maraɗi zan yi misali. Daga baya in taɓa gidan ƙauye, don shi hukuncinshi dabam ne.

Mu fara da sanin abin da mai saye ke saye. Tsohon gidan laka a Mokoyo ko Sabon Gari ko Zariya, in alhaji ya zo da dillali za ya taya, ku lura da idonshi. Ba shi duban soro, ba shi ƙwanƙwasa ƙyaure. Shina auna faɗin wurin da ƙafa, shina duban ko gidan na bakin hanya, ko kuran da famfo sun iso layin, ko mota na iya shiga. Ranar da anka sa hannu, kafin wata shi ƙare ya kawo lebura sun rushe komi, ya dasa tubalin siminti. Wato fili shike saye. Ginin ma nauyi ne gare shi, don sai ya biya masu kwashe ƙasa. To, wanda ya yanke shawarar sayarwa kada shi ɓata kuɗɗinshi wajen yaɓe da fenti wai don gida shi yi kyau. Jikka 500 da ka zuba ma katanga ba za su ƙara ma tayi jikka 500 ba. Share tsakar gida, ka gyara takardu, ya isa. Kuma ku riƙe wanga: mai gidan laka a birni dukiya biyu gare shi wuri guda. Fili na ƙara daraja ko shina barci, muddin gari na ƙara faɗi. Laka kuwa tana narkewa duk damana.

Gidan laka kamar dabba shike, shina son mai kiwo. In akwai mutum ciki, ɗigo ya fara da dare, da safe an hau soro an toshe. Indararo ya cushe da ganye da leda, yaro ya sa sanda ya buɗe. Gara ta ja hanya a bango, uwargida ta gani ta kankare. Amma a sa kwaɗo a tafi, ɗigon nan da laka cikin ƙwarya guda ke tsaidawa shi ne za ya jiƙa azara har ta ruɓe, soro shi zauna. Damana biyu ko uku sun isa. Shi ya sa hanya ta uku da wasunmu ke bi, a kulle a ce "sai na dawo", ita ce mafi tsada duka, ko da shike ranar tafiya ba ta cin ko dala.

Ba mu manta 2024 ba. Ruwan shekaran nan ya kashe mutum sama da 300 a ƙasarmu, ya taɓa sama da miliyan 1, jahar Maraɗi kuwa tana cikin waɗanda sunka fi shan wuya. Da yawa cikin waɗanda sunka rasu gini ne ya faɗa masu. A Damagaram tsohon masallacin Birni, wanda ke tsaye tun ƙarni na 19, ya faɗi ranar 3 ga Satumba. Mu malamai ba mu koma aji ba sai 28 ga Oktoba maimakon 2 ga wata, don lakwal da yawa cike suke da waɗanda gidajensu sunka rushe. Na tuna maku wanga ne saboda masu cewa a sa haya hakanan, ai mai haya ya ga gidan da idonshi ya yarda. Talaka mai neman wurin sa haƙarƙari ba shi da zaɓi, za ya yarda. In soro ya danne ɗiyanshi cikin Agusta, jikka 5 da kake karɓa duk wata ba za su wanke ka ba, ko gaban mutane ko gaban alƙali. Ɗakin da ba ka yarda ɗanka shi kwana ciki ba, kada ka sa mashi haya.

Sai wurin da gidan shike. Dattawa sun san labarin 1945, lokacin da Gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, anka maida gari bisa tudu inda shike yau. Tun daga nan gari ya yi ta faɗi, har mutane sunka koma gini a hanyar ruwa, da bisa tsoffin kududdufai da anka cike da shara. Kafin ka kira maso, ka dubi gindin katangarka. In akwai alamar ruwa har gwiwa, in ruwa na kwana tsakar gida bayan kowane babban hadari, to babu yaɓen da za ya yi maganinshi. Irin wanga gida sai mai ƙarfin da za ya cike wurin shi ɗaga tushe da dutse da siminti.

In wurin tudu ne, sai a yi maganar gyara. Gyaran tsohon gida kai da ƙafa ne. Rufi tukuna, da indararo mai tsawo wanda ke jefa ruwa nesa da bango. Sa'an nan gindin katanga, inda ruwan da ke fantsama ke ci sannu sannu. Sa'an nan salga. Fenti da tagar ƙarfe su jira. Azarar giginya irin wadda kakanninmu sunka yi rufi da ita ta yi wuya ta yi tsada, ba a saranta sai da izinin ma'aikatan daji, shi ya sa mafi yawa yanzu tol ake bugawa. Tol na da zafi cikin bazara, amma ga wanda za ya yi nisa ya fi kwanciyar rai, in dai an ɗaure shi da kyau don iskar farkon damana.

Akwai abu guda da ke cin kuɗɗin ƴan bida, bari in daɗe kanshi kaɗan. Mutum shi aiko kuɗɗi daga waje shi ce a shafe katangar laka da siminti don ta zama samidir. Siminti da laka ba su shan inuwa guda. Laka na kumbura da laima, ta tsuke da rani. Siminti kuwa ba shi motsi. Sai rata ta buɗe tsakaninsu. Ruwa shi shiga ta wata ƴar tsaga daga sama, shi rasa hanyar fita, shi zauna shina cin bango daga ciki. A waje gida fes, har maƙwabta na yi maka barka. Wata rana sai falle guda shi ɓalle tun daga sama har ƙasa, ka tarar da bangon ya zama taɓo. Maso na kirki sai ya kankare bango, ya buga ƙusoshi da ragar waya kafin shi shafa, kuma duk shekara a bi tsagogi a toshe. In kuɗɗin ragar ba su samu ba, yaɓen laka da makuba irin na da ya fi siminti maras riƙo, don shi lalacewarshi a fili take, kowa na gani. Mai son gwada gidanshi shi ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa. Inda ya yi ƙarar ganga, siminti ya riga ya saki.

Gaskiya ne siminti ya yi sauƙi bayan ambaliyar. A Oktoba 2024 gwamnati ta rage kuɗɗinshi, ta sa tan guda jikka 55 a Yamai, Maraɗi kuwa da ɗan ƙari. Amma gyara ba siminti kaɗai ba ne. Akwai tol, ƙarfe, yashi, ruwa, amalanke da ƙwadago. Ka kira maso biyu, kowane shi rubuta maka lissafin kaya da na hannunshi, kada ɗaya shi ga takardar ɗaya. Abin da sunka faɗi, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku a zuciyarka. Tsohon gida ba shi nuna ciwonshi duka sai an buɗe rufi.

Yanzu ku ba ni allo. Lambobin da zan faɗi misali ne, irin wanda nike ba ƴan CM2, kowa shi sa nashi madadinsu. Mu ƙaddara gida mai ɗaki 4. An taya shi miliyan 4 yadda shike. Gyaranshi za ya ci jikka 900. In an gyara, a samu haya jikka 25 a wata. Mai gida sai shi ce 25 sau 12, jikka 300 a shekara, cikin shekara 3 na maida kuɗɗina. Da ɗalibina ne ya kawo mani wagga amsa, da na ce shi koma shi sake karanta tambaya. Cikin wata 12 a cire 2, na lokacin da ɗaki ke wofi ko mai haya ya gudu da bashi: saura jikka 250. A cire 40 na yaɓe da toshe ɗigo kafin damana: saura 210. A cire kashi ɗaya cikin goma na abin da anka karɓa, wato 25, ladan wanda ke duba maka gidan: saura 185. A cire 15 na kwasar salga da lampo da ƴan ƙananan abubuwa: saura 170. To, 900 a raba da 170, shekara 5 ke nan da ƴan watanni.

Ma'anarshi, shekara biyar na farko ba ka ci komi ba. Mai haya ne ke biyan gyaran gidanka sannu sannu. Wanda ya tafi ya bar iyali ya ce masu ga haya nan ku ci da ita tun watan farko, ya bar su cikin wahala. In kuma an duba ta wani gefen, dukiyar miliyan 4 da jikka 900 tana kawo jikka 170 a shekara, wato kowace jikka 100 na haifar jikka 3 da rabi. Ɗan kasuwa za ya yi dariya, shi ce akuya ma ta fi haka haihuwa. Gaskiyarshi. Sai dai akuya na mutuwa, ana sace ta, fili kuwa shina nan inda ka bar shi. Ribar haya a irin wanga gida ita ce gidan shina tsaye, filin na ƙara daraja, makulli kuma naka ne. In da bashi mai ruwa za ka yi gyaran, shekara biyar ɗin nan sai ta koma bakwai ko takwas, lissafin ya lalace.

Kada kuma wani shi ce in na gyara sai in tsawwala haya. Mafi ƙarancin albashi a doka jikka 42 ne tun Janairu 2024, kuma da yawa cikin masu hayar gidan laka ko wannan ba su samu: ƴan kabu-kabu ne, masu tebur, lebura, zawarawa masu ɗiya. Aljihunsu shi ke yanke haya. Bayan haka akwai hukuma. Dokar haya tana nan tun 1996, kuma a 2025 gwamnati ta fitar da wata wadda ta ƙayyade kuɗɗin hayar gidajen kwana gwargwadon irin gida. Ba ka iya fitar da mutum da tsakar rana don ka dawo daga tafiya. Sai ka ba shi wa'adi. Wanda ya san tafiyarshi ta shekara biyu ce, shi rubuta shekara biyu cikin kontara tun farko.

Duk wanga lissafi a wuyan mutum guda shike rataye, wato wakili. Aiko kuɗɗi ya yi sauƙi yanzu, haya na iya iske ka ko'ina ta Nita ko Al Izza. Ido ne ba a aikowa. Daga Abijan ba ka ganin ɗigo. Mun saba mu ce ma ƙane ko ɗan baffa "ka riƙa duba mani", ba lada, ba rubutu. Shi ma shina da iyali. Watan da gero ya ƙare mashi sai shi ari hayar, da niyyar biya, wata mai zuwa shi ƙara ara. Ranar da ka dawo, ko ka yi shiru ka yi hasara, ko ka yi magana zumunta ta ɓaci. Shawarata, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ka yanka mashi ladanshi, ka saya mashi kaye, kowane wata shi rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ba mai haya rasit. Sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan girbi, shi ɗauki hoton rufi da gindin katanga shi turo maka ta WhatsApp. Wanda aka biya ana iya tambayarshi ba kunya. Ka lura kuma da kontar ta kuran da ta famfo, tunda da sunanka suke. Mai haya shi tashi shi bar faktir na wata shida, kai za a nema. Inda ana samun kontar mai kati, ta fi.

Wasu sun ce a ba ma'aikaci haya, shi albashi gare shi. Haka ne, mu malaman lakwal ba mu gudu da bashi, don an san inda ake samunmu kowace safiya. Sai dai watan da albashi ya yi jinkiri, haya ma za ta yi jinkiri, ku yi haƙuri da mu.

Mu juya ga sayarwa. Miliyan 4 a hannu abu ne mai daɗin ji. Amma kuɗɗin gida ba su iya ɓoyuwa. Ranar da labari ya fita, buƙatun dangi duka sun farka: ga biki, ga suna, ga maras lafiya a likita, ga yaron da ke son moto, kai ma ga wani aure da ka daɗe kana tunani. Kuma mafi yawansu buƙatu ne na gaskiya, ba ka iya cewa babu alhali kowa ya san akwai. Gida kuwa ba a ɓantararshi a ba mutum. Ko kuɗɗin sun tsira daga dangi, ba su tsira daga zamani ba. A Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi cikin dare guda. Wanda ya sayar da gida a Disamba ya aje kuɗɗi ya ga abin da ya same shi da ya je sayen tol. Masu zama Najeriya kun ga naku kwanan baya: farkon 2023 dalar Amurka naira 460 ce ko kusa a banki, cikin 2024 ta wuce 1,400. Wanda ya sayar da gidan Maraɗi ya canza kuɗɗin ya yi jari a Legas ko Kano kafin nan, ba sai na gaya mashi sauran ba.

Akwai kuma abin da dattawan nan sunka fi ni sani, don da ƙafarsu sunka taka shi. Gana ta kori baƙi a 1969. Najeriya ta kora a 1983, ta sake a 1985. Yaƙin Kodibuwa ya maido mutanenmu a 2002 da 2011. Libiya ma a 2011. Aljeriya kuwa shekara da shekaru tana zubo mutane a iyaka wajen Asamaka. Kowane lokaci haka mutanenmu ke dawowa, daga su sai tabarma da buta. Wanda ke da ɗaki nashi, ko na yoyo ne, ya kwana ya tashi ya nemi abin yi. Wanda ya sayar ya raɓa gidan ɗan uwa da mata da ɗiya, kun san kwana nawa ake yi kafin fuska ta canza. Saboda haka ni ra'ayina, ga mai tafiya bida wanda gidan nan shi kaɗai ne gare shi, kada shi sayar don yin kuɗɗin mota ko jari. Shi gyara kai da ƙafa, shi sa haya, ko ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Amma iyayena dattawa, ku yi mani haƙuri, ban yarda cewa duk wanda ya sayar da gida ya yi abin kunya ba. Gidan da ke cikin ruwa, a sayar ma mai ƙarfi, a gaya mashi gaskiya. Mutumin da ba shi da kuɗɗin gyara sai bashi mai ruwa, ba shi kuma da amintacce ko guda a garin, in ya riƙe gidan kango za ya tarar. Haka wanda tashinshi na har abada ne, kamar ma'aikacin da ya kusa ritaya ya san nan ƙauye za ya ƙare kwanakinshi. Sharaɗina guda ne: gida shi koma gida. Ka nemi filin da za ka saya, ku gama ciniki, sa'an nan ka karɓi kuɗɗin naka, su fita daga hannun mai saye su shiga hannun mai sayarwa, kada su kwana bakwai a ɗakinka. Ka je ka ga sabon filin da ƙafarka. Kuɗɗin tsohuwar unguwa na sayen fili babba a bayan gari har da canji, amma in ba famfo, ba kuran, ba lakwal kusa, canjin nan a kuɗɗin garuwa da kabu-kabu za ya ƙare.

Ko sayarwa ko haya, a duba takarda. Filin birni takardarshi ta farko ita ce akt-da-sesiyon ta meri, mafi ƙarfi kuma titir fonsiye. Tun 2006 an kawo wata hanya mai sauƙi ta samun titir, wadda anka sa ma suna Sheda. Gidaje da yawa an sayar da su sau biyu ko uku, takarda na nan da sunan mutumin farko, wanda wataƙila ya rasu. Mai saye in ya ga haka sai shi karya tayi, kuma da gaskiyarshi. Ka maida takarda sunanka tun kana gari. Ta asali ka tafi da ita ko ka aje ta wurin da kai kaɗai ka sani. Wakili fotokofi ya ishe shi. Kada ka ba da ita jingina don kuɗɗin tafiya, an rasa gidaje ta nan. La'adar dillali a yanke ta kafin shi kawo mutum, kuma cinikin miliyoyi a yi shi gaban noter.

In gidan na gado ne ba a raba ba, to ba naka ba ne, ko shekara 20 ka yi ciki, ko kai ka buga tol ɗin. Ƴan uwanka mata na da rabonsu, matar mamaci na da tumuninta in akwai ɗiya. Kuma in ɗaya cikin magada za ya sayar da rabonshi, abokan tarayyarshi su sunka fi cancanta su saya kafin bare. Malamai na ce mashi shuf'a. Mai sayarwa kuma wajibi ne shi faɗi aibin da ya sani, ɓoye tsaga da fenti ha'inci ne. Sai maganar da maza ba su son ji. Gidaje nawa ne wanda ɗaki guda ko rijiya ko ƙyauren ƙarfe da kuɗɗin adashin uwargida anka yi, ko da rancen Mata Masu Dubara? Ita ce za ta ɗauki tukwane ta bi ka gidan haya. Kada ta ji labarin ciniki daga bakin dillali.

Tsakanin sayarwa da haya akwai ƴan hanyoyi. Kana iya sa ɗaki uku haya ka kulle ɗaya da kayanka, ka samu wurin sauka. In gidan na bakin hanya, shago guda da ka fasa ma ƙofa waje shina iya kawo abin da ɗaki biyu ke kawowa. In filin babba ne, a yanki rabi a sayar, a gyara rabi da kuɗɗin, bayan an bi ta meri an raba takarda. Akwai kuma wadda ta fi yawa kuma ta fi kawo rigima: mai haya shi gyara da kuɗɗinshi a riƙa cirewa cikin haya. Tana da kyau ga wanda ba shi da jikka 900, amma sai an rubuta aikin da za a yi ɗaya bayan ɗaya, da iyakar kuɗɗin, da watan da cirewa za ta ƙare, gaban shaidu biyu. In ba haka ba, sai ka dawo ka tarar ya sa karo a ɗaki ya gina rumfa, shina binka bashin da ya fi hayar shekara goma.

Gidan ƙauye kuwa maganarshi gajera ce. Nan ba masu haya, in ban da malamin lakwal, majo na likita, da malamin gona in an turo shi. Ba mai saye da daraja kuma, abin da za a ba ka bai kai kuɗɗin sa guda ba, ka kuwa rasa wurinka cikin dangi. Abin da ya saura shi ne aro: ka sa mutum ciki shi riƙa yaɓe madadin haya. Amma aro in ya daɗe, ɗiyan wanda anka ara ma su tashi suna cewa gidan ubansu ne, shaidun kuwa sun rasu. Tun dokar karkara ta 1993 akwai komisiyon ta ƙasa, wadda reshenta na gari maigari ke shugabanta, tana ba da takardar sayarwa, ta kyauta, ta aro da ta jingina. Mun saba zuwa wurinta don gona kaɗai. Ko na gida ne, a zo gaban maigari a rubuta, kowa shi riƙe kofi.

Ina roƙon biro abu uku kafin mu tashi. A buɗe kaye a rubuta gidajen garin nan da ke kulle, da sunan mai shi da inda shike, don duk shekara ana turo mana malamai suna rasa wurin kwana, su koma zama birni suna zuwa aji a makare, alhali ga ɗakuna na rushewa ba kowa. A zaɓi magina biyu amintattu su zagaya waɗannan gidaje cikin watan Mayu, kafin ruwan farko, ƙungiya ta sanar da masu su abin da anka gani. Ni kuma na ɗauki nauyin rubuta samfurin takardar haya da ta aro, da Hausa da Faransanci, sakatare shi buga su cikin fitowa mai zuwa, mai so shi kwafa shi cika sunaye.

Maganar shuf'a da rabon gado na bar ma liman, shi ya fi ni saninta.